Jigso mai waya ko mai batir: amsa ga ɗan'uwanmu na Talata Mafara

Assalamu alaikum. Shekaranjiya wani ɗan'uwa daga Talata Mafara ya yi tambaya. Ya ce yana da rumfar kafinta, yawancin aikinsa gado da sif da madubin amare, kuma ya gaji da ɗaukar kan gado zuwa wurin mai inji don a fitar masa da lanƙwasa. Ya tara ɗan abin da ya tara zai sayi jigso, wato ƙaramin injin zarto na hannu, amma ya rasa wanda zai ɗauka, mai waya ko mai batir. Ya ƙara da cewa ko jigson zai riƙa tsaga masa katako, ya huta da sayen zarto mai faifai.

Malam, na yi aiki da duka biyun a shagona a nan Gusau, ga abin da hannuna ya gani.

Bari in fara da ta ƙarshen, don ita ce ta fi sauƙi. Jigso ba zai maye maka gurbin zarto mai faifai ba. Dalilin yana cikin asalin ƙirarsa. A 1946 ne wani injiniya mai suna Albert Kaufmann, na kamfanin Scintilla a ƙasar Suwizalan, ya cire allurar keken ɗinkin matarsa ya ɗaura guntun zarto a wurin, daga nan aka samu wannan injin. Har yau haka yake aiki, wuƙa siririya tana hawa da sauka kamar allura, an riƙe ta daga sama kawai, ƙasanta ba abin da ya tokare shi. Wannan ne ya sa take iya bin lanƙwasa, kuma shi ne ya sa take karkacewa in katako ya yi kauri. Na taɓa matsa wa nawa a kan maɗaci mai kaurin inci biyu. Daga sama layi ya tafi daidai, da na juya katakon sai na ga ƙasan ya kauce kusan faɗin fensir, dole na koma da magagari ina gyara har la'asar. In tsaga falanki ne ko raba filawud mai ƙafa takwas da huɗu gida biyu, aikin mai faifai ne ko zarton hannu. Jigso na lanƙwasa ne: kan gado, firam ɗin madubi, hannun kujera, ramin sifika, wurin zaman kwanon wanke-wanke a kantar kicin.

To, waya ko batir?

Mai waya ƙarfinsa ba ya raguwa tun safe har yamma muddin akwai wuta. Ya fi araha nesa ba kusa ba, ya fi sauƙin nauyi a hannu, kuma in ya lalace akwai mai gyara. Burushinsa, ɗan gawayin nan da ke cikin injin, ya cinye, ka sayo ka canja da kanka. Koyil ya ƙone, mai rewaya ya san shi. Ƙananan da suka dace da irin aikinka suna cin wat 400 zuwa 500, manyan kuma su kai 700 ko 800. Misalin ƙaramin shi ne Makita 4329: wat 450 ne, yana bugu 500 zuwa 3,100 a minti, kuma an rubuta yana yanka katako har kaurin milimita 65. Kada wannan 65 ɗin ta ruɗe ka, iyakar abin da wuƙar za ta iya ratsawa ke nan, amma yanka mai kyau a tsaye ba ya kai nan. Aibin mai waya kowa ya san shi, mu da muke zaune a inda wuta sai ta ga dama. Amma akwai abin da mutane ke mantawa: mai wat 450 ƙaramin janareto ma yana ɗaukarsa, in ba ka haɗa masa wani inji a lokaci guda ba. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne wayar ƙari. Siririyar nan ta cajin waya da fanka ba ta wannan aiki ba ce, in ta yi tsawo ƙarfin wuta yana raguwa kafin ya isa injin, sai ka ji yana gurnani yana zafi. Nemi mai kauri, kuma ka riƙa saɓa ta a kafaɗa ta bayanka kada wuƙa ta same ta.

Mai batir kuwa daɗinsa a wurin aikin waje yake. An kira ka jeren amarya, sif ya ƙi shiga saboda soket ko bakin tayil, gidan sabo ne ko mita ba a sa ba. Nan take ka fito da shi ka rage bayan sif ɗin, mata na tsaye suna jira, ka gama ka tafi. Ranar da na fara yin haka a wani gida a Tudun Wada na san kuɗina bai tafi a banza ba. Kuma in kana da sola a gida ko a shago, ka yi caji da rana, ba ruwanka da fetur.

Sai dai ka san cewa batir kake saye, injin biyo baya ne. Lissafinsa mai sauƙi ne: bolt (V) sau amfiya na awa ɗaya (Ah). Batir mai 18V da 5Ah yana riƙe da wat 90 na awa ɗaya, mai 2Ah kuwa 36 kacal, ka ga ba tafiyarsu ɗaya ba. Batir ɗaya ba ya isar mai sana'a, sai biyu, ɗaya a caji ɗaya a aiki. Yawanci na kamfani ɗaya ba ya shiga na wani, don haka in ka fara da wani kamfani ka ɗaure kanka da shi ke nan har injin huda da na goge. Wani lokaci za ka ga an faɗi farashi mai sauƙi, ashe gangar jikin ce kawai, ba batir ba caja, sai ka tambaya tun kafin ka biya. Sannan ga waɗanda ake rubuta wa 88V ko 128V a jiki da manyan baƙaƙe. In ka buɗe, ƙwayoyi biyar ne a jere kamar na kowa, wato dai 18V ɗin ce, lambar ta jan ciniki ce. Ga kuma zafinmu. A watan Maris da Afrilu nan yankin yana haura digiri 40, kuma batirin litiyam ba ya shiri da zafi. Wanda ya bar shi a rumfar kwano da tsakar rana, ko ya jona shi a caji yana ɗauke da zafin aiki, zai ga ya fara gajiya da wuri. Batirin da ya mutu kuwa ba kamar burushi ba ne, sabonsa na iya cin kuɗin da ya kusa na mai waya sukutum.

Ni dai a ganina, tunda aikinka a rumfa yake kuma wannan ne jigsonka na farko, ɗauki mai waya na kamfanin kirki, ragowar kuɗin ka zuba a wuƙaƙe. Mai batir ka bar shi sai aikin waje ya yawaita, ko in kana da injin huda mai batir tun da, sai ka sayi gangar jikin jigso na kamfanin.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka biya sai ka juya shi ka duba ƙasansa. Farantin da yake zama a kan katako, in na gwangwani ne da kake iya lanƙwasawa da yatsa, ajiye shi. Na alminiyon da aka zuba ya fi tsayawa. Ka duba 'yar tayar da ke bayan wuƙa, ita ce ke tokare ta, in tana rawa hagu da dama yankanka ma rawa zai yi. Ka tabbata yana da abin rage gudu, yana kuma da ɗan makunnin gefe mai lamba 0 zuwa 3. Wannan makunni shi ke sa wuƙa ta riƙa tunkuɗa gaba yayin da take hawa. A 3 tana cin katako da sauri amma bakin yanka ya yi kaushi, a 0 tana tafiya a hankali bakin ya fito sumul. Abu na ƙarshe, ka ɗauki mai karɓar wuƙa mai kan T, wato wadda kanta da ake maƙalawa a inji yake da siffar harafin T, don ita ce ta cika kasuwa. Tsohon yayi mai kan U za ka sha yawo kafin ka samu.

Maganar wuƙa ita ce na fi so ka riƙe, don na ga masu injin tsada suna fitar da aiki kamar ɓera ya gaigaya, na kuma ga mai ƙaramin inji yana fitar da abin da ko sanfefa ba ya bukata sosai. Bambancin wuƙa ne. Lambobin da kamfanin Bosch ke sa wa wuƙaƙensu sun zama kamar yaren kowa, har wasu kamfanonin suna bi. T144D mai manyan haƙora ce, ta saurin yanka farin katako irin malaina inda ba a damu da kyan baki ba. T101B ta yanka mai tsabta ce a filawud da MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam. T119BO da T101AO sirara ne, su ne na lanƙwasa mai tsanani irin furannin kan gado. T118A ta ƙarfe ce mara kauri. In kana yawan taɓa itace mai tauri irin ƙirya ko maɗobiya, ko tsohon katako mai ɓoyayyar ƙusa, nemi wadda aka rubuta BIM a jikinta, wato haɗin ƙarfe iri biyu, ta fi wadda aka rubuta wa HCS jurewa.

Haƙoran wuƙar jigso sama suke kallo, a hawa suke yanka, shi ya sa tsagewa take fitowa a fuskar da kake gani. Saboda haka fuska mai kyau ƙasa take kallo, zanenka kuma a baya. Farkon samuna ban san haka ba, na ɗora allon MDF mai farar fuska a sama na bi zane, bakin ya fito duk ya ɓantare kamar haƙoran zarto, kan gadon amarya ne kuma saura kwana uku jere. Sai da na sayi wani allon daga aljihuna. In dole sai fuskar ta kalli sama, akwai T101BR mai haƙora a juye, amma ka mai da makunnin gefe 0 ka danne injin sosai, don tana ƙoƙarin ɗaga shi. Manna salatif ɗin takarda a kan layi ma yana rage ɓarna.

Wurin yankan kansa, ka ɗaure katako da kilam, ƙarfen nan na matse katako a jikin tebur, kada yaron shago ya riƙe maka da hannu kusa da layi, kuma kada kai ma ka kai yatsa ƙarƙashi don jin inda wuƙa take. Ka kunna injin ya ɗauki gudu kafin haƙori ya taɓa katako, farantin ya kwanta daram, ka bar wuƙa ta ci da kanta. Da zarar ka ji ƙauri ko ka ga bakin yanka ya yi baƙi, ko ka matsa da yawa ko wuƙar ta dakushe. In lanƙwasar ta matse, ka fara yanko gajerun layuka daga gefe zuwa bakin zanen, sai guntayen su riƙa faɗuwa wuƙa ta samu wurin juyawa. Ramin tsakiya irin na sifika kuwa, huda da ƙusar diril mai milimita 10 a cikin da'irar, ka zura wuƙar daga nan. In za ka tsaya a tsakiyar yanka, bari ta daina motsi kafin ka zare.

Ƙurar MDF ba irin garin katakon da muka saba ba ce, gari ce mai laushi haɗe da gam, ga ta hunturu a kai, don Allah ka sa takunkumi da tabarau, kai da yaranka. Kullum in an tashi a hure ramukan iskar injin, a ɗiga ɗan mai a 'yar tayar nan. Wuƙar da ta gama aiki tana ƙona yatsa, a ba ta minti ɗaya, kuma a zare waya daga soket ko a cire batir kafin a taɓa ta.

In ka je kanti ka tafi da guntun filawud mai milimita 18 da ɗan sukwaya a aljihu. Ka ce a jona maka ka yanka a gabansu, ka ɗora sukwayar a bakin yankan ka ga ko ya tsaya a miƙe. Allah ya sa albarka a sana'a.