Buga bulo ko kwangila: wanne ya fi wa mace a Garwa?

Macen da ta tara 'yan sefa tana son shiga harkar gini a garin Garwa da ke arewacin Kamaru, hanya biyu ce ta fi yawa a gabanta: ta buɗe wurin buga bulo, ko ta nemi kwangila.

Bulo ba ya son takardu da yawa. Fili, injin bugawa ko ma na hannu, yashin kogin Binuwai, siminti daga masana'antar Figuil, sai samari uku ko huɗu. Abin da ya fi ci shi ne ruwa. A zafin Maris da Afrilu, bulon da ba a shayar da shi safe da yamma ba, kana ɗagawa zai marmashe a hannunka. Na ga wata Hajiya da ke tsayawa kan lebura tana ƙirga bulo nawa aka fitar daga buhun siminti mai kilo 50, don ta san in an ja shi ya yi yawa, sunanta ne zai zube. Ribar kaɗan-kaɗan ce, amma kullum ana gani.

Kwangila kuwa tana da tsoka, sai dai akwai ƙashi. Sai an yi rajistar kamfani, an biya haraji, an samo injiniya, irin waɗanda makarantar fasaha ta Marwa ke yayewa, mata ma na cikinsu. Ka zuba kuɗinka, biya ya yi wata da watanni bai fito ba. Ga magina da ke ɗaure fuska in mace ta ce a rushe a sake.

Ni dai in ƙanwata ta tambaye ni, bulo zan ce ta fara da shi, ta san magina ɗaya bayan ɗaya tukuna.