Sharhi kan Injin Ruwa da Robar Haɗa Ƙorama da Matsirga a Kwamin Kifi na Gida

Kaya uku ne a kwali ɗaya: injin tura ruwa irin wanda ake nutsarwa, ƙanin sumon rijiyar burtsatse, mai cin wuta wat 80, tiyo mai faɗin inci ɗaya da tsawon mita biyar, sai baƙar shimfiɗar roba ta PVC mai kaurin rabin milimita. An yi aiki da su a kwamin kifi na bayan gida a cikin birnin Kano, tsawonsa mita 2, faɗi mita 1.5, zurfi mita 1, wato lita 3,000, da karfasa da 'yan kifin ado a ciki. Kayan sun sha zafin Afrilu, sun sha damina, sun shiga hunturu. A kan injin, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Tiyon ya yi wa injin kaɗan. Robar kuwa ba a yi ta don ranar Kano ba.

A jikin kwali an rubuta lita 6,000 a awa, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa. Wannan adadin na injin da ke tura ruwa a kwance ne, babu hawa ko kaɗan. Da zarar ruwa ya fara hawa, ƙarfi ya fara raguwa, har ya kai tsayin da ko ɗigo ba ya fita. Na wannan injin mita uku da rabi ne. Kuma daga saman ruwan kwami ake auna tsayin zuwa bakin da ruwa ke fita, ba daga inda injin yake zaune ba. A tsayin mita ɗaya, da tiyon da ya zo a kwali, bokitin lita 20 ya cika a daƙiƙa 26, abin da ya kama lita 2,800 a awa. Da aka cire tiyon aka sa bututun PVC mai inci ɗaya da rabi, bokitin ya cika a daƙiƙa 18, wato lita 4,000. Injin ɗaya, wuta ɗaya, bambancin duk daga matsewar tiyo ne. Don haka duk wanda ya sayi kayan nan ya ajiye tiyon don ban ruwan fulawa, ya nufi Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ya sayo bututu da gam ɗinsa. A rage gwiwoyi masu kusurwa a hanyar bututun, domin kowace gwiwa tana cin nata rabon.

Faɗin bakin matsirga shi ma da lissafinsa. Kowane santimita 10 yana son kimanin lita 1,500 a awa kafin ruwa ya zubo a shimfiɗe kamar mayafi. Da lita 4,000, baki mai santimita 25 shi ne daidai. Idan aka yi zari aka faɗaɗa shi zuwa rabin mita, ruwan zai riƙa bin jikin dutse yana tsiyaya, babu sauti, babu kumfa. Dutsen bakin ya zama falale mai santsi, a daidaita shi da ma'aunin magina, ya ɗan sunkuyo gaba, ya kuma zarce abin da ke ƙarƙashinsa da kamar yatsu uku don ruwa ya rabu da bango.

Ƙoramar da aka haɗa mita huɗu ce, faɗi santimita 40. Daga sama ruwa yana faɗowa santimita 40, ya bi gangare mai sauka santimita uku a kowace mita, ya tsallake 'yan matakala biyu, sannan ya faɗa kwami daga tsayin santimita 30. Tudun da ke ɗauke da ita da bulo aka kewaye shi, aka cika da jar ƙasa ana daɓewa sahu-sahu. Wannan daɓen kada a yi masa ha'inci. Ƙasar da ba ta dannu ba za ta zauna a ruwan Agusta, gefen ƙorama ya nutse, ruwa ya riƙa sulalewa ta baya ba wanda ya gani.

Yanzu ga robar, wadda ita ce raunin kayan. Rabin milimita ya yi siriri. Duk inda ta fito rana ba a rufe ta da dutse ba, kafin bazara ta wuce ta bushe ta fara tsagewa idan an lanƙwasa ta. Tsakuwar kwari mai kaifi tana huda ta da taku ɗaya. Wanda ya samu robar EPDM mai kaurin milimita ɗaya, ita ce ta aikin, tana miƙewa kuma tana jure rana shekara da shekaru. Wanda kuma ya tsaya a ta kwali, to ya shimfiɗa yashi mai laushi santimita biyar a ƙasa, ya ɗora tsohon kafet, sannan robar, ya sake sa guntayen kafet a ƙarƙashin kowane babban dutse. Gefenta ya ɗara saman ruwa da santimita 10 zuwa 15. A inda ƙorama ta haɗu da kwami, robar ta sauka cikin kwamin da aƙalla santimita 30, ta sama a kan ta ƙasa kamar yadda ake jera kwanon rufi. Tsakuwar da za a zuba a ciki ta zama ta kogi, mai sulɓi, a wanke ta sai ruwan ya fito garau.

Ruwa yana son hanya mai sauƙi, shi ya sa yake bin ƙarƙashin duwatsu maimakon samansu. Ana toshe wannan da kwaɓin siminti, awo ɗaya na siminti da uku na yashi. Amma sabon siminti yana sakin sinadarin da ke ƙone gaɓar da kifi ke numfashi da ita. A bar shi ya bushe mako guda, a gudanar da ruwa a ƙoramar ana karkatar da shi waje ana zubarwa, sau uku ko huɗu, kafin a bari ya shiga wurin kifi.

Ɗauke wuta ita ce jarrabawar da ba a rubuta a takardar kayan ba. Idan injin ya tsaya, duk ruwan da ke kan hanya yana gangarowa kwami. A wannan ƙoramar kusan lita 80 ne, yana ɗaga ruwan kwami da kamar santimita uku. Saboda haka a cika kwamin lokacin da injin yake kashe, a bar santimita 10 tsakanin ruwa da baki. In an cika shi maƙil injin na aiki, ranar da wuta ta tafi ruwa zai malale, tarwaɗa kuma in akwai ta ba ta jiran gayyata. A sa bawul mai hana ruwa komowa a saman injin, ko a bar bakin bututun a sarari sama da ruwa don kada ya zuƙo ruwan sama ya dawo da shi. Abin yabo a injin shi ne yana tashi da kansa da zarar wuta ta dawo, kuma ƙaramar inbata ta sola tana ɗaukarsa ba tare da kuka ba. Idan ya kwana ya wuni yana aiki, yana cin kusan yunit biyu a rana. Soket ɗinsa ya kasance a inda ruwa ba ya kaiwa, a bayan na'urar kariya mai miliamfa 30, wadda ke yanke wuta idan ta zurare ta ruwa ko jikin mutum. Wannan ba wurin tsimi ba ne, musamman a gidan da yara ke wasa da ruwa.

Amfanin matsirgar ga kifi ya fi na ado. Ruwa mai ɗumi iskarsa kaɗan ce: a digiri 20 lita ɗaya tana riƙe kusan miligiram 9 na iskar shaƙa, a digiri 30 kuwa bakwai da rabi. Mafi ƙarancinta da asuba ne, lokacin da karfasa ke tasowa sama tana buɗe baki. Tarwaɗa tana iya shaƙar iskar sarari, karfasa da yawancin kifin ado ba sa iyawa. Don haka a watannin Maris zuwa Mayu, in za a zaɓi lokacin kunna injin, dare ya fi rana. A Disamba da Janairu a juya lamarin. Iskar hunturu busasshiya ce, tana sanyaya ruwan da ke zuba sosai, kifi ya daina cin abinci. A rage ƙarfin ruwan da dare ta bawul ɗin da ke gefen fita, kada a taɓa matse gefen da injin ke zuƙa.

Ƙura da ganyen darbejiya su ne ke toshe soson gaban injin. A hunturu yana son wanki duk kwana uku, a damina mako guda ya isa, kuma da ruwan kwamin za a wanke shi, ban da sabulu. Sau ɗaya a wata a buɗe a ciro farfelar a goge ta. A ɗora injin kan bulo santimita 25 daga ƙasa: ba zai sha laka ba, kuma in ƙorama ta yi yoyo cikin dare ba zai kwashe ruwan kaf ya bar kifi a busasshe ba.

A bazara ruwan yana raguwa kusan santimita ɗaya a rana, wannan aikin rana ne da iska. In ya wuce haka sosai, a kashe injin awa 24 a yi alama a bango. In ruwan ya daina sauka sosai, matsalar tana ƙorama ko bututu, a fara duba gefen robar a wurin lanƙwasa. Ya ci gaba da sauka, to kwamin ne da kansa. Ruwan da za a ƙara in na famfo ne a bar shi ya kwana biyu a buɗaɗɗen duro kafin a zuba, saboda maganin da ake sa masa.