Ɗaura dish a gida: ka hau da kanka ko ka kira mai saiti?

Wanda ya sayo dish da dikoda yakan ɗauka ya gama mai wuyar. A kwali kayan ba su da yawa: faranti, ƙarfen da ke riƙe shi, LNB (ɗan kan da ke karɓar sigina) da ake maƙalawa a gaba, nadin waya da 'yan notuna. Sai mutum ya ga kamar asara ce ya ƙara biyan wani kuɗin ɗaurawa. Ra'ayina a fili yake tun farko: ɗaurin farko a ba mai sana'ar, amma kayan ka sayo da hannunka, kuma ka tsaya a wurin har a gama.

Taurarin ɗan'adam da ke watso tashoshin nan suna jere ne a saman tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta arewa da kudu, nisan kusan kilomita 36,000, kowanne da mazauninsa. DStv a Najeriya yana zuwa daga Eutelsat da ke digiri 36 gabas, StarTimes na dish daga SES-5 a digiri 5 gabas, Canal+ da ake kallo a Maraɗi da Damagaram kuma daga SES-4 a digiri 22 yamma. Masu son tashoshin kyauta irin su Arewa24 sukan nemi Eutelsat 16A, masu son tashoshin Larabawa da sallar Harami kai tsaye kuma su nemi Nilesat ko Badr, inda sau da yawa sai an sami faranti mai faɗi. Saboda haka kafin ka tambayi wa zai ɗaura, ka san abin da iyalinka ke son kallo, domin shi ke yanke girman farantin da kuma bangon da za a kafa shi. Idan GOtv kake nufi, wannan eriya ce da sanda, ba sai ka kira kowa ba.

Ɗaurawa da kanka tana yiwuwa, ban musa ba. Idan faranti ɗaya ne na santimita 60 ko 90, tauraro ɗaya, maƙwabcinka kuma yana da irinsa da za ka kwaikwayi inda ya fuskanta, to da sifana da tsani da haƙuri za ka iya. Ribarka kuɗin aiki ne, da sanin yadda za ka gyara idan iska ta taɓa shi. Iyakar abin da zan ce a kanta ke nan.

Abin da kake biya a wurin mai saiti na gaske shi ne mitarsa da idonsa. Farantin yana da motsi uku, kuma dole ukun su dace a lokaci guda: juyawa dama ko hagu, ɗagawa sama ko ƙasa, sai murɗa LNB a mazauninsa. Kuskuren digiri biyu ko uku a biyun farko ya isa allo ya zama baƙi. Na ukun nan shi ke kayar da masu koyo daga bidiyon YouTube, musamman waɗanda aka ɗauka a Turai, inda LNB ke zama kusan a miƙe. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya lissafinmu daban ne. A Kano, wadda ke wajen digiri 12 arewa, mai neman tauraron DStv zai fuskantar da farantin gabas da ɗan karkata kudu, LNB kuma sai an murɗa shi sosai, fiye da digiri 60. Mai neman 16A kuwa farantinsa kusan sama yake kallo. Wanda ya saba ya san wannan tun kafin ya hau tsani. Yana da mita mai ɗan allo da ke nuna masa tashar a hannunsa, ba sai an tsayar da yaro a falo yana ƙwala masa "ya kawo, ya ɗauke" ba.

Akwai kuma abin da dikoda ke nunawa a shafin saiti: layi biyu, ɗaya ƙarfin sigina, ɗaya ingancinta. Na farkon yana iya cika ko da farantin bai kama komai ba, muddin waya ta haɗu da LNB. Na biyun shi ne magana. Wanda bai sani ba, da ya ga hoto ya fito sai ya ɗaure noti ya sauko, alhali ingancin a bakin gaɓa yake. A rani ba zai ga matsala ba. Ranar da hadari ya haɗo a watan Yuni ko Yuli, kafin ɗigon farko hoton ya fara kakkaryewa. Ruwa mai ƙarfi yana ɗauke siginar ƙananan farantai ko wa ya ɗaura, wannan halin irin siginar da suke kamawa ne, wadda ake kira zangon Ku, amma saiti mai kyau yakan jure yayyafi ya kuma dawo da wuri.

Sai wurin kafawa. Guguwar farkon damina da ke kwashe kwanon gidaje ba za ta raga wa faranti ba. Bangon ƙasa ba ya riƙe noti, bulon da aka yi wa rowar siminti ma haka. A irin wannan gida mai saiti nagari zai ce a kafa ƙarfe a ƙasa a zuba masa kankare, ba zai huda maka kwano ya bar ka da yoyo ba. Zai duba bishiyar darbejiyar da za ta yi reshe ta tare gaban farantin baɗi, ya duba wayar lantarkin da ta ratsa kusa da katanga. Wannan ta ƙarshe ita ce babban dalilin da ya sa ba na son ganin magidanci a saman tsani riƙe da dogon ƙarfe.

To amma masu saitin ba duka ne na Allah ba, kuma a nan nake so ka buɗe ido sosai. Babbar kafar cuta ita ce waya. An taɓa ɗaura mana dish a gida, mai aikin ya karɓi kuɗin waya mai kyau ya sa mana wata daban. Damina ɗaya ta yi, bawonta ya tsage, ruwa ya bi cikinta har bayan dikoda. Wayar da ake so ita ce RG6. Ka sa a yanke maka ɗan guntu a shago ka fere shi da reza. Silin tsakiya ya zama mai kauri, ragar da ke kewaye da shi ta zama mai yawa, ba 'yan silalla da za ka iya ƙirgawa ba. Ka kanga maganaɗisu a silin: idan ya kama, ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Irin wannan tana aiki a gajeren zango, amma kada a sayar maka da ita a farashin zallar jan ƙarfe, kuma idan tsakanin faranti da falo da nisa, zallar ta fi. Dalili kuwa, wayar ba hoto kaɗai take ɗauka ba, ta cikinta dikoda ke tura wa LNB wuta, bolt 13 ko 18, ta haka yake sauya rukunin tashoshi. Waya marar kyau ita ke sa wasu tashoshi su fito wasu su ƙi, a ce maka dikodarka ce ta lalace. Kada ka yarda da wayar da aka yi wa haɗi a tsakiya aka naɗe da salatif, a ja ta guda ɗaya daga faranti har ɗaki. Inda za ta shiga bango a bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa tukuna, don ruwan da ya biyo ta ya ɗige a waje.

LNB ma ana musanya shi. Sabo yana cikin kwalinka, a sa maka tsoho daga jakar mai aiki, naka ya tafi gidan wani. Ka buɗe kwalin da kanka, ka ga an ɗaura shi. Dikodar tashoshin kyauta kuma, musamman masu suna irin Strong, ana kwaikwayonsu ƙwarai. Kwali iri ɗaya, cikin daban. Ka saya a shagon da ke da mazauni, ka karɓi rasit da lambar na'urar a rubuce. Idan ta biyan wata ce, ka tabbata da sunanka da lambar wayarka aka yi rajista, ba da na mai saiti ba, in ba haka ba duk sabuntawa sai ka bi ta hannunsa.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai cewa zai "buɗe maka komai", ƙwallon Ingila da na Sifen da finafinai, ka biya sau ɗaya shi ke nan. Satar sigina ce, kamfanoni kuma suna toshe ta. Za ta yi 'yan makonni ta mutu, lambarsa kuma ta daina shiga. Akwai kuma mai barin noti sako-sako da gangan, don iska ta kaɗa a sake kiransa. Kafin ya sauko ka ce ya girgiza farantin da hannu kana kallon layin inganci, idan ya motsa aiki bai ƙare ba.

Wajen zaɓe, ka fara da maƙwabcin da dish ɗinsa ya ci damina biyu bai kira kowa ba, ka tambaye shi wa ya yi masa. Masu DStv da StarTimes suna iya tambayar ofishin dila a haɗa su da wanda kamfani ya sani. Ku yi ciniki kafin ya taɓa komai, kuɗin aiki daban, na kaya daban, ku kuma yarda cewa idan saiti ya goce cikin wata ɗaya zai dawo ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ka riƙe wani abu daga kuɗin sai ka zagaya tashoshin da idonka. Tunda zai shiga cikin gida ya kuma hau sama inda ake hango tsakar gidan maƙwabta, ka sa ranar da kake nan, ka aika a sanar da su tun da safe. Idan ya gama, ka sa ya zana alama da fenti a jikin ƙarfen daidai inda ya ɗaure, ka kuma ɗauki hoton shafin saitin da wayarka.