Shekara biyu da kafa eriya a shagon Kawu na Dawanau

A Dawanau kaya ba ya tashi sai alat ya shigo. Tirela za ta iya kwana biyu a ƙofar sito, 'yan dako sun gama lodi, direba ya sha shayinsa ya yi salla ya dawo, amma muddin wayar Kawu ba ta yi ƙara ba, babu mai cire dutse daga ƙarƙashin taya. Ni ke riƙe masa littafi, shekara tara ke nan. Riɗi da zoɓo muke tarawa mu sayar wa masu fitarwa waje. Zoɓon yawanci Meziko yake nufa, riɗin kuma Japan da Sin da Turkiyya. Ciniki ne na hoto da bidiyo: mai saye yana Legas, zai ce a buɗe buhu a nuna masa ta WhatsApp, a turo takardar sikeli, sannan ya tura kuɗi.

Shagonmu kuwa kamar rijiya yake wajen sabis. Rufin kwano, bangon bulo, ga buhuna har sama. Da zarar ka shiga ciki waya ta zama dutse. Akwai wani tudu kusa da tankin ruwa inda nake zuwa in ɗaga waya sama kamar mai neman tabarraki, har yara suka sa wa wurin suna ofishina. Mun daɗe muna maneji a haka. Abin da ya ƙure mu shi ne farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace, dillalin da ko asusun banki bai yarda da shi ba ya koma cewa a yi masa taransifa. Wata rana na tura wa wani mutumin ƙauye kuɗin zoɓonsa, waya ta yi ta juyi ta ce bai tafi ba, na sake turawa, ashe duka biyun sun tafi. Allah ya sa mutumin kirki ne, amma sai da na yi mako uku ina bin sawu. Kawu bai yi mini faɗa ba. Kallona kawai ya yi, wanda ya fi faɗan ciwo.

Na fara da ƙaramin mayifai, 'yar na'urar intanet ta aljihu mai amfani da layin waya, da na sayo a kasuwar waya ta Farm Centre. Bai canza komai ba, kuma laifina ne, don abin da ya hana waya samun sabis a cikin ɗakin shi zai hana shi. Daga baya wani abokina mai shagon buga takardu ya haɗa ni da wasu samari biyu masu ƙaramin shago a saman bene wajen Beirut Road, aikinsu haɗa netwok a shaguna da makarantu. Ba zan kama sunan shagon ba, saboda ba talla suka ba ni ba, kuma akwai inda zan taɓa su.

Zuwansu na farko shi ya saye ni. Ba su zo da kwali ko ɗaya ba. Tsani suka ara, babban ya hau rufi da waya da layuka huɗu na kamfanoni daban-daban, ƙaramin yana ƙasa yana rubuta lambobi a bayan wata tsohuwar rasit. Suka gama suka ce za su dawo gobe bayan azahar. Na ce me ya rage? Babban ya ce, "Yaya, da safe kowane layi gwani ne. Mu so muke mu gan shi lokacin da kasuwa ta cika." Ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba duk shekarun da na yi ina riƙe waya: sandunan nan da ke saman waya ƙarfin muryar ƙarfen sabis kawai suke nunawa, ba sa gaya maka mutum nawa ne suka rataya a kansa. Ƙarfe ɗaya ne, dubban wayoyi na rabon abin da yake da shi, kamar famfo ɗaya a unguwa. Shi ya sa za ka ga sanda huɗu cif amma hoto ɗaya ya ƙi tafiya. Washegari kuwa layin da ya yi zarra da safe shi ya zo na uku da la'asar. Da ni zan zaɓa, shi zan ɗauka.

Kawu yana zaune a kan buzunsa yana jin mu. Ya ce da babban, "Kai ɗan nan, wannan abin naka zai sa kuɗi su riƙa shigowa da wuri?"

"Ranka ya daɗe, kuɗi banki ne ke turo su. Ni dai zan sa idan sun shigo ka sani nan take, idan kuma ka tura ka ga sun tafi."

Kawu ya juyo gare ni ya ce, "Wannan bai cika baki ba. Ku yi ciniki."

Abin da suka kafa ba shi da yawa. Turken ƙarfe a saman shago, a kansa wata farar na'ura mai kama da kwanon sha, ta kamfanin MikroTik, an juya fuskarta ta kalli ƙarfen sabis ɗin da suka zaɓa. Tana da gurbin layi biyu. Ɗaya take amfani da shi a lokaci guda, idan ya mutu ta koma ɗayan da kanta. Sauyin yana ɗaukar kamar minti ɗaya, wanda ga mai jiran alat ba komai ba ne. Waya guda ce ta sauko daga turken zuwa cikin shago, ita ke kai wuta sama ita ke sauko da intanet, don haka babu batun jan soket zuwa rufi. Sun ce irin wannan wayar kada ta wuce mita 100, in ta wuce sai saƙo ya fara raunana. A ciki suka rataye akwatin wayifai a bango, nesa da buhuna, suka haɗa duka da ƙaramin batir da faifan sola guda, tun da kayan gaba ɗaya ba su kai fanka cin wuta ba. Na'urar saman nan ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba, rana da hazo da ruwa duk sun bi ta kanta.

Inda na fi jin daɗin kuɗinmu shi ne haɗa shago da sito. Tsakaninsu tafiyar minti biyar ce a ƙafa, kuma ba yadda za a yi a ja waya ta bi ta kan shagunan mutane da hanyar tireloli. Sai suka sa eriya biyu ƙanana, ɗaya a nan ɗaya a can, suna kallon juna. Sharaɗinsu ɗaya ne, kada wani abu ya shiga tsakani. Akwai wata darbejiya a gidan maƙwabci da reshenta ya tsaya daidai kan hanya, kuma na ga abin da idona: ƙaramin yana riƙe da kwamfuta yana karanto lamba, iska na kaɗa reshen lambar na faɗuwa, iska ta lafa ta dawo. Sai da Kawu ya taka da kansa ya je ya roƙi mai gidan, da goro da doguwar gaisuwa, aka sare reshen. Eriyoyin a zangon gigahaz 5 suke magana, ba 2.4 da yawancin wayifai ke cunkushe a kai ba, shi ya sa hayaniyar kasuwa ba ta dame su. Kuma ba sa cin data ko kaɗan tsakaninsu, hanya ce tamu ta kanmu. Yanzu kyamara biyu na sito ina kallonsu daga teburina, yaron sikeli yana ɗaukar hoton kowane awo ya turo kafin a sauke buhu na gaba. Gardamar "buhu ɗari da biyu ne" da "ɗari ne cif" ta mutu murus.

To, ga inda suka gaza.

Na farko, alkawarin lokaci. Aikin da suka ce kwana biyu ya ci tara. Yau babu tsani, gobe ƙaramin yana da jarrabawa, jibi an kira su wata makaranta. Na biyu, kuma shi ya fi ba ni haushi, sun tafi ba su ba ni lambar sirrin shiga cikin na'urar ba. Ta wayifai suka ba ni, ta sarrafa kayan suka riƙe. Da na tambaya sai babban ya ce wai kada in taɓa wani abu in lalata. Na ce masa kaya namu ne, in ka bar garin fa, ko muka ɓata? Sai da na riƙe cikon kuɗinsu kafin ya rubuto mini a takarda. Duk wanda zai ba irinsu aiki ya sa wannan a cikin ciniki tun farko, kafin a hau rufi.

Na uku rabin laifin nawa ne. Watan farko datar da na saya ta wata guda ta ƙare a kwana tara. Ashe lambar wayifai ta zaga layin shagunanmu kaf. Na fito da la'asar na tarar da matasa bakwai jingine da bangonmu, kowa da waya a kwance a tafin hannu, ana kallon ƙwallo da TikTok, har da mai rake. Yaronmu ɗaya ya ba abokinsa, shi ke nan. Ya kamata a ce masu aikin sun hango wannan, tun da ba yau suka fara aiki a kasuwa ba. Da na kira, ko zuwa ba su yi ba, daga shagonsu suka gyara: suka raba wayifai gida biyu, ɗaya na aiki wanda wayoyi huɗu da kwamfuta kaɗai ya sani, ɗaya na baƙi mai ɗan siririn gudu, ya isa saƙo amma bidiyo sai ya yi ta tsayawa. Cikin kwana biyu bango ya koma wurin jingina buhu.

Na huɗu shi ne tsawa. Daminar farko aka yi wata tsawa da dare, da safe sito ya yi shiru. Ɗan akwatin da ke ba eriyar can wuta ya ƙone, har da baƙin tabo a bango. Ba su binne ƙarfen da ke kai tsawa ƙasa ba, alhali sun kafa turke a saman rufin kwano. Nan dai sun amsa laifi ba gardama, suka sauya akwatin a aljihunsu, muka sayi ƙarfen da wayar tagulla, suka binne a wuri biyun. Damina ta biyu ta wuce lafiya.

Akwai kuma ranar da babu abin da eriya za ta iya. Alhamis, 14 ga Maris 2024, azumi na huɗu. Tun da safe manhajojin banki suka ƙi buɗuwa, na'urar sama ta yi ta tsalle daga wannan layi zuwa wancan. Na kira babban ina huci. Ya ce, "Yaya, ba rufinku ba ne, teku ne." Wayoyin ƙarƙashin teku ne suka katse ta wajen gaɓar Kodebuwa, har guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, ƙasashen yammacin Afirka da dama suka shiga duhu tare. Ranar na gane cewa layi biyu maganin matsalar unguwa ne, idan abin ya faru a can inda duk layukan ke shan ruwa, sai haƙuri. Abin mamaki, kyamarorin sito ba su ko gilma ba, tun da su ba sa bi ta intanet. Kawu ya sa aka rufe littafi, muka koma yarda da baki irin ta da, wanda muka sani muka ba shi kaya, wanda ba mu sani ba ya jira.

Batun kuɗin wata-wata, layi biyu na nufin biya biyu, ko da yake na biyun ƙaramar data nake sa masa tun da ɗan jiran gadi ne. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, abin ya ɗan ƙara nauyi, amma har yanzu bai kai abin da muke biyan direba na kwana ɗaya da ya yi zaman jira ba. Da wannan ma'aunin nake auna shi, ba da lambobin gudu ba. Wani maƙwabcinmu ya kafa Starlink, wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka. Nasa daga tauraron ɗan'adam yake sha kai tsaye, ba ruwansa da cunkoson ƙarfen kasuwa, kuma na ga gudunsa, ba wasa. Na tambayi samarin nan ko mu ma mu koma, ina zaton za su yi tsalle tun da aiki ne zai samu. Babban ya ce ga mai tura hoto da duba alat, abin da muke da shi ya isa, in mun buɗe sito a ƙauyen da babu ƙarfen sabis sai mu yi maganar. Wannan amsar ta sa na yafe masa kwana taran nan da aikin ya ci.

Zan sake ba su aiki, kuma na riga na tura musu mutum uku a layinmu, kowanne da gargaɗin lambar sirri da ƙarfen tsawa, da kuma kada ya biya duka sai an gama. Sun fi dacewa da mai shago da sito a rabe, ko wanda rufi ya hana shi sabis. Mai teburin POS a bakin titi, inda waya ke kamawa garau, ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin wannan.

Abin da ya rage tsakaninmu yanzu shi ne shara. Ƙurar riɗi da hazon hunturu suna liƙe faifan sola har batir ya daina cika, kuma sun ce za su riƙa leƙowa duk wata uku su goge su ɗaure abin da ya saki. Sau biyu suka zo. Makon jiya ni na hau da tsumma da bokiti, Kawu yana ƙasa riƙe da tsani yana cewa in yi a hankali kada in taɓa masa kwanon alat. Darbejiyar ma ta sake toho, reshen ya kusa kai inda yake da.