Akwatin kallo ta intanet da sikanin takardun gida: abin da ya dace da gidajenmu a Zariya

Na'urorin nan da ake jonawa a bayan talabijin don kallon YouTube da Netflix sun cika shagunan kayan lantarki na PZ da Sabon Gari, kuma kowane mai shago zai rantse maka cewa tasa ce ta fi. Sai dai mafi yawansu an ƙera su ne don gidajen da wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma ba a auna shi da gigabait, alhali mu a nan Tudun Wada ko Samaru kullum ido ɗaya yana kan ƙwan lantarki, ɗayan yana kan ragowar data. Na gwada iri uku a gida, kuma gwajin ya zo daidai da lokacin da nake mayar da takardun gidanmu da tsoffin faya-fayen biki cikin waya da filas. Ayyukan biyu sun haɗe fiye da yadda na zata, har ya zama na biyun ne ya yanke mini hukunci a kan na farkon.

Ta farko ita ce baƙar akwatin nan mai araha wadda ba ta da takamaiman sunan kamfani, wadda ake sayarwa da alkawarin dubban tashoshi kyauta. Dole a faɗi alherinta: tana da ƙofofin filas, tana da wurin jona wayar intanet, kuma tana da mafitar wayoyin nan masu launin ja da fari da rawaya, don haka ko tsohuwar talabijin mai ƙusumbi za ta yi aiki da ita. Amma a hannuna ba ta yi armashi ba. A jikin kwalin an rubuta ma'adana mai girma, da na shiga ciki kuwa na tarar ba ta kai abin da aka rubuta ba. Tana zafi idan ta daɗe a kunne, hoto ya riƙa tsayawa sauti yana tafiya, tashoshin da aka yi alkawari kuma yawancinsu ba sa buɗewa. Manhajar da ke cikinta irin ta wayar hannu ce aka miƙe a kan talabijin, shi ya sa rimot ba ya kaiwa ga wasu maɓallan sai an koma jan kibiya a hankali, abin da yake gajiyar da dattijo tun kafin ya kai ga abin da yake son kallo. Irin waɗannan akwatuna kuma galibi ba su da shaidar amincewar Netflix, saboda haka ko ka biya kuɗin hoto mai kyau, dishi-dishi za ka gani. Abin da ya fi damuna shi ne batun tsaro, domin a 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa akwai na'urori marasa suna irin waɗannan da suke zuwa da muguwar manhaja tun daga masana'anta, wadda ke amfani da intanet ɗin gidan mutum ba da saninsa ba. Na'urar da ake zargi da haka ba ta cancanci a sa mata adireshin imel na gida ba, balle filas mai ɗauke da takardar fili.

Ta biyu Chromecast ce mai Google TV, wadda ta fito a 2020, ƙanina ne ya ara mini tasa. 'Yar ƙarama ce, tana rataye a bayan talabijin ta ƙofar HDMI, rimot ɗinta yana karɓar umarni da murya, hotonta kuma tas. Ga wanda yake da intanet mara iyaka, zai yi wuya ya sami abin kushewa. Sai dai ƙofa ɗaya tak gare ta, ita ce ta wuta, don haka ba za ka soka mata filas kai tsaye ba sai ka nemo wata mahaɗa ta daban. Kamfanin Google ma ya sanar a 2024 cewa ya daina ƙera ta, ya maye gurbinta da wata mai suna Google TV Streamer. Fire TV Stick ta Amazon, wadda ake yawan kawowa daga waje, ita ma tsarinta kusan haka yake, kuma tana buƙatar asusun Amazon kafin ta fara aiki.

Ta uku, wadda a ƙarshe na saya, ita ce Mi Box S ta kamfanin Xiaomi. Ba sabuwa ba ce, tun 2018 take kasuwa, ma'adanarta gigabait 8 ce kawai, ƙofar filas ɗaya gare ta, ba ta da wurin jona wayar intanet, kuma mai tsohuwar talabijin sai ya sayi 'yar na'urar da ke sauya HDMI zuwa wayoyi uku. Duk da haka wannan ƙofa ɗaya ita ce ta bambanta ta da Chromecast a wurina. Tana da cikakkiyar manhajar Android ta talabijin, tana da amincewar Netflix, kana iya tura mata bidiyo daga waya, kuma idan ka sa mata manhajar VLC, wadda kyauta ce, za ta buɗe kusan kowane irin bidiyo da ke cikin filas ba tare da ta taɓa data ba. Wutar da take ci kaɗan ce ƙwarai, kusan irin ta cajar waya, saboda haka mai ƙaramin sola ko inbata ba zai ji nauyinta ba, talabijin ɗin ce mai cin wutar. Idan an ɗauke wuta aka dawo da ita, takan ɗan jima kafin ta gama tashi, kuma ina ba da shawarar a jona ta ta bayan sitabilaiza saboda wutar da kan dawo da ƙarfi.

Batun data shi ne inda masu shago ba sa tsayawa su yi bayani. Bisa lissafin Netflix kanta, awa ɗaya ta kallo tana iya cin gigabait 1 a matsakaicin hoto, gigabait 3 a hoto mai kyau, har gigabait 7 a mafi kyawunsa. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan lissafi ya ƙara nauyi. Na'urorin duka uku, idan ka bar su da zaɓinsu, hoton da ya fi kyau suke ɗaukowa, ta yadda yara za su iya cinye datar wata guda tsakanin la'asar da isha'i. Abin da ya yi mana aiki shi ne rage ingancin hoto da hannu zuwa 480 a YouTube, wanda ya wadatar ga karatun malamai da shirye-shiryen Hausa masu dogon zango a talabijin mai inci 32, da kashe tsarin da ke ɗora bidiyo na gaba da kansa. Sauran kallon kuwa daga filas muke yi.

Abin da ke cikin filas ɗin shi ya kawo ni ga ɓangare na biyu. Kusan kowane gida a Zariya yana da adaka ko tsohuwar jaka da ake tara takardu: takardun haihuwa na hukumar ƙidaya, shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, sakamakon WAEC da NECO, takardar NIN, takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma da za a nema ranar tantance 'yan fansho, katin asibitin Shika, rasit na haya, da takardar cinikin fili mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Abokan gabarsu sanannu ne, gara da ɗanshin damina da yoyon rufi da gobarar lokacin hunturu. Wanda ya taɓa rasa takarda ya san zirga-zirgar rahoton 'yan sanda da rantsuwa a kotu, kuma ya san akwai takardun da ba a sake bayar da irinsu.

Na bi hanya biyu. Ta farko ita ce waya, ta manhajar Google Drive, wadda take da wurin yin sikanin a cikinta: ka shimfiɗa takarda, ta gano gefunanta, ta miƙe ta, ta adana ta a matsayin PDF. Ga takarda mai girman A4 wannan ya isa, muddin an kula da haske. Na fi samun hoto mai kyau da hantsi, a inuwar baranda, takardar a kan tabarma mai duhu, ba tare da kunna fitilar waya ba, domin fitilar tana haskewa a kan hatimi ta ɓoye shi. Takardun da aka yi wa laminatin su ne suka fi wahala saboda ƙyalli, kuma wannan ya ƙara mini dalilin ƙin yi wa takarda ta asali laminatin, tunda zafin injin yana manne ta har abada. Rasit irin na injin POS kuwa a gaggauta ɗaukarsa, don rubutunsa yana gogewa da kansa cikin watanni. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda ake rabawa da imel da hotuna, kuma takardun gida guda ba za su cinye ko kusa da haka ba.

Hanya ta biyu ita ce shagon kwamfuta. Na kai manyan takardu, wato taswirar fili da wasu tsoffin hotuna, wani shago a Samaru daga cikin waɗanda ke yi wa ɗaliban jami'a fotokofi da ɗab'i. Aikinsu ya fi na waya tsabta nesa ba kusa ba, musamman da na nemi a sa ingancin hoton injin sikanin a kan 300, wanda shi ne ma'aunin da ke fito da ƙananan rubutu da hatimi sosai. Su ne kuma suka kwashe mini bidiyon bukukuwa daga faya-fayen CD da suka fara karcewa, suka zuba a filas. A nan ne yaron shagon ya nuna ya san aikinsa, da ya ce, "Yallaɓai, wannan filas ɗin ba zai karɓi fayil da ya wuce giga huɗu ba, bari in raba maka bidiyon gida biyu." Gaskiya ya faɗa, haka tsarin adana fayil na filas ɗin, wanda ake kira FAT32, yake, kuma shi ne tsarin da kusan kowace akwati da talabijin ke karantawa ba gardama.

Amma akwai abin da ban ji daɗinsa ba a shagon. Da na leƙa kwamfutar, sai na ga fuskarta cike da takardun mutanen da suka riga ni, har da takardun NIN da hotunan fasfo, kowa na iya gani. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, amma a irin waɗannan shaguna ba a kai ga jin ɗuriyarta ba. Sai da na tsaya aka goge nawa a gabana, aka kuma kwashe kwandon sharar kwamfutar. Ban ga mugun nufi a tare da su ba, sakaci ne, sai dai sakacin da zai iya jefa mutum cikin hannun 'yan damfara. Don haka duk takardar da ke ɗauke da lambar NIN ko BVN ko bayanin banki, a gida ya kamata a yi ta da waya.

Inda Mi Box S ta biya kuɗinta shi ne ranar da muka zauna tantance tsoffin takardun. Akwai guda da ta yi ja don tsufa, an rubuta ta da ajami, ta karye a wurin ninki, ba wanda ya san ta mece ce a cikinmu. Manhajojin da ke karanta rubutu daga hoto suna ƙoƙari a kan boko, amma ajami na hannu ya fi ƙarfinsu. Na ɗauki hotonta, na sa a filas, na buɗe a talabijin na ƙara girmanta har kowane harafi ya kai tsawon yatsa. Hajiya mahaifiyarmu, wadda idonta ya daina ganin ƙaramin rubutu, ta matso da kujerarta ta bi layin da yatsa, ta karanta sunan kakanmu da sunayen shaidu, ta gaya mana takardar gonar da ke hanyar Giwa ce, ta kuma faɗi wanda ya rage a raye cikin 'ya'yan shaidun. Duk abin da ta faɗa na rubuta shi na haɗa da hoton, domin takarda irin wannan ba ta da amfani sosai idan babu mai bayaninta.

Tsari ma yana da muhimmanci, don hoto ɗari biyu marasa suna wata adakar ce kawai aka sake cikawa. Na buɗe wa kowane mutum jakarsa, na raɗa wa kowane fayil suna da shekara, misali sunan yaro da NECO da shekarar da ya zana. Na ajiye kwafi a Google Drive mai kalmar sirri da tabbatarwa mataki biyu, wato ƙarin tabbaci ta waya bayan kalmar sirri, wani a filas da ke gidan yayata a Kofar Gayan, saboda kada abin da ya sami gida ɗaya ya tafi da duka. Filas ɗin takardu daban yake da na fina-finai, kuma ba a barinsa a jikin akwatin, tunda filas yakan lalace idan wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki.

Ya kamata kuma a sani cewa sikanin ba ya maye gurbin ta asali. Hukumar WAEC ta fara bayar da satifiket ta intanet a 2022, kuma yawancin neman gurbin karatu da na aiki yanzu ɗora takarda ake yi ta waya, amma a wurin tantancewa, ko a kotu, ko a ofishin KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, idan ana maganar fili, ta asalin za a ce ka fito da ita. Namu na asali suna cikin jakunkunan leda masu zif, an ɗaga adakar daga ƙasa a kan bulo, an kuma janye ta daga jikin bangon da ke tsatsafo da damina.