Jirgin fiton Istanbul a idon ɗalibi mai ƙaramin aljihu

A makona na biyu a Istanbul wani mutum ya tare mu a bakin ruwa, da takarda mai hotuna a hannunsa, ya sayar mana da tikitin yawon dare a mashigin Bosforus, abinci da kiɗa duk a ciki. Mu huɗu ne, duk sababbin zuwa. Abin da na biya a daren nan ya isa cefanena na mako guda. Aka cusa mu a ƙasan wani jirgi mai tagogin da suka yi gumi, kiɗa kamar zai fasa dodon kunne, teburin kusa da mu ana ta kwankwaɗar giya, abincin kuma ya huce tun kafin ya iso. Gadar da muka fito gani, sai dai fitilunta muka hango dishi-dishi ta cikin gilashi.

Da na ba abokin ɗakina labari, wanda ya riga ni zuwa da shekara biyu, sai ya girgiza kai ya ce, "Haba ɗan'uwa, ai da ka tambaye ni. Katin da ke aljihunka ya ishe ka." Ranar Juma'a bayan magariba ya ja ni zuwa tashar Eminonu, muka ɗora katinmu a kan na'ura kamar za mu hau bas, muka shiga jirgin fito.

Turkawa vapur suke ce masa. Kamfanin Şehir Hatları ne ke tafiyar da su, mallakar hukumar birnin, kuma asalinsa ya koma har shekarun 1850. Ba jirgin 'yan yawon buɗe ido ba ne, da shi ma'aikata da 'yan makaranta suke tsallakawa tsakanin ɓangaren Turai da ɓangaren Asiya kullum. Da Istanbulkart, katin sufurin birnin, ake biya, wanda ya yi rajistar katin ɗalibi kuma kusan rabin kuɗi yake biya. Farashi a kuɗin lira yana yawan tashi, amma a duk tsawon zamana tsallakawa ɗaya ba ta taɓa kai kuɗin kofin gahawa a shagunan titin Istiklal ba.

Idan ka shiga, kada ka zauna a ciki. Ka wuce can baya, wajen bencin katako da ke waje. Kafin a kwance igiya ka sayi shayi a ɗan kantin da ke cikin jirgin. Baƙi ne wuluk, a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, da sukari guda biyu a gefen faranti. Na koyi cewa "abi", wato yaya, shi kuma mai shayin ya ce min "kardeşim", ƙanena. Da rana za ka ga yara suna gutsura simit, wani burodi mai siffar zobe da aka barbaɗe da riɗi, suna cilla shi sama, tsuntsayen teku suna cafewa kafin ya taɓa ruwa. Da dare kuwa jirgin yana ja da baya sai hasumiyoyin masallatan Sulaimaniyya da Aya Sofiya su fito tar a bayanka. A watan azumi har da rubutun fitilu da ake ratayawa tsakanin hasumiya da hasumiya. Ranar farko ban ce uffan ba har muka isa Uskudar da ke ɓangaren Asiya, minti ashirin ko ƙasa da haka.

Uskudar ɗin ce ta zama wurin hirata ta dare. Kana sauka, masallacin Mihrimah Sultan na gabanka, ginin Mimar Sinan na shekarar 1548. Nan muke sallar isha'i, sannan mu bi gefen ruwa da ƙafa zuwa Salajak, mu zauna muna fuskantar Kız Kulesi, 'yar hasumiyar nan da ke tsakiyar ruwa. Iyalai ne maƙil, tsofaffi da jikokinsu, masu kamun kifi da ƙugiya, samari da jita. Sau da yawa daga nan nake kiran Umma ta bidiyo in juya mata wayar ta ga ruwan, hankalinta ya kwanta a kan inda ɗanta yake da ƙarfe goma na dare. Wanda yake son hayaniya sai ya hau na Kadikoy. Can akwai layin mashaya, ba zan ɓoye ba, amma akwai shagunan littattafai da gidajen abinci masu kaiwa dare, ga kuma gaɓar Moda inda ɗalibai ke shimfiɗa a kan ciyawa.

Yawon rana ma kamfanin ya fi masu tare hanya. Yana da doguwar tafiya daga Eminonu har ƙauyen Anadolu Kavağı, da tikitinta daban. Za ka bi ta ƙarƙashin gadar da aka buɗe a 1973 da wadda aka buɗe a 1988, ka wuce ganuwar Rumeli Hisarı da Sarki Muhammad Alfatih ya gina a 1452, shekara guda kafin ya ci birnin. A ƙauyen ana ba da lokaci a hau tudu zuwa kangon Yoros, inda ake hango bakin Baƙin Teku. Tsibirin Buyukada kuwa tafiyar awa ɗaya da rabi ce ko sama da haka daga Kabatash. An daina kekunan doki a can tun 2020, yanzu sai keke da ƙananan motocin lantarki. Kada ka je ranar Asabar ko Lahadi a lokacin zafi, don a tsaye za ka yi tafiyar duka. Mu ranar Talata muka je bayan jarrabawa, da abincinmu a jaka, saboda gidajen abincin bakin tasha suna da tsada.

Abu biyu ne ɗalibi zai kiyaye. Ruwa ba titi ba ne: idan hazo ya sauka, ko iskar kudu da suke kira lodos ta taso, ana soke tafiya, kuma gara hakan. Sai kuma jirgin ƙarshe, wanda ba ya jiran kowa. Wani dare a watan Disamba hira ta yi daɗi a Salajak, muka iso aka riga aka rufe ƙofa. Marmaray ce ta cece mu, jirgin ƙasan da aka buɗe a 2013 mai bi ta ƙarƙashin ruwan, 'yan mintoci kaɗan ka fito a Sirkeji. Idan shi ma ya tashi aiki, Metrobus, bas mai bin hanyarsa ta musamman, na tsallaka gada dare da rana. Tun daga ranar nake ɗaukar hoton jadawalin da ke manne a tasha kafin in bar wurin, kuma ba na fita sai da rigar sanyi, don ko a watan Mayu iskar bencin baya tana ratsa ƙashi.