Gidan Opera na Garnier: abin da Bakatsine ya kamata ya sani kafin ya yanki tikiti

'Yan'uwa Katsinawa da fatauci ko karatu ke kaiwa birnin Faris, wannan gida ya cancanci awa biyu daga lokacinku. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da waƙa, amma ba sai kun kalli wasa ba. Akwai tikitin zagaya gini da rana, shi na yanka, shi kuma nake ba da shawara.

Sarki Napoleon na uku ya sa aka gina shi, Charles Garnier ya zana, aka fara a 1861, aka buɗe a 1875. Jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 3, 7 ko 8 zai sauke ku a tashar Opéra. Ƙofar masu ziyara ba ta gaba ba ce, tana gefe, mahaɗar titin Scribe da Auber.

Matakalar ita ce gidan. Dutsen marmara ne kala-kala, ta hau ta rabu biyu, tsayin rufinta ya kai mita 30, wato kusan Gobarau biyu a ɗora. Wanda ya saba ɗaga kai ya kalli ɗaurin guga a soron fada zai gane nufin maginin: tun kafin baƙo ya zauna, kwarjinin wurin ya kama shi. Ku hau bene ku leƙo ƙasa, daga nan ake ganin yadda aka haɗa duwatsun.

Ga inda ake cizon yatsa. Babban ɗakin kallo, mai kujeru kusan 2,000 da rufin da Marc Chagall ya yi wa zane a 1964, sukan rufe shi idan 'yan wasa na gwaji, ko su kashe fitilu. Ku tambaya kafin ku biya. Ku je da hantsi, domin bayan azahar cunkoso kan hana mutum tsayawa. Babbar jaka a bar ta a masauki.

Mai son kallon wasa da dare ya kula da kujera. An yi ɗakin kamar kofaton doki, don haka wasu kujerun gefe masu araha ba a ganin dandamali daga kansu, sauti kawai ake ji. Kuma yawancin opera yanzu a Bastille, ɗaya gidan opera na Faris, ake yi, nan rawa ta fi yawa.

Mai zuwa da iyali ya sani akwai gumaka da zane-zanen mutane marasa sutura, ciki da waje.